Tafiya Daidai Ƙafar Yara

 A wannan fitowa zancena ya fi shafar 'yan'uwanmu waɗanda aikin soja, ko na ɗan sanda, ko fatauci, ko gadi ya kai su ƙasar Gabas, suna sujada da harshen Hausa a Inugu da Anacha da Fatakwal, ko da yake na tabbata iyaye na ko'ina za su ga gidansu a ciki. Tambayar da ke gabanmu ita ce: idan ƙofar makaranta ta rufe, uwa da uba suka zama su ne malaman 'ya'yansu ƙanana, da me ya kamata su auna yinin yaran nan? Da agogo ne, ko kuwa akwai wani ma'auni dabam? Wani zai ce ai wannan ƙaramar magana ce, ba ta isa shafin mujallar ekklesiya ba. Ni kuwa ina ganin babu abin da ke tona asirin abin da gida yake bauta wa kamar yadda yake kashe sa'o'insa daga asuba zuwa kwanciya.

Iyayen Gabas ba da son ransu suka shiga wannan tambaya ba. A watan Maris na 2020 annobar korona ta sa aka rufe makarantu a duk faɗin Nijeriya, yawancin yara kuwa ba su koma aji ba sai wajen Oktoba. Kafin a gama farfaɗowa, a watan Agusta na 2021 ƙungiyar IPOB ta kira zaman gida na kowace Litinin a jihohin Kudu maso Gabas, kasuwanni da makarantu suka riƙa kwana a kulle saboda tsoro. A watan Yuni na 2023 Gwamna Peter Mbah na Jihar Inugu ya ba da umarni kowa ya fita harkarsa ranar Litinin, amma tsoro ba ya fita daga zuciya a ranar da aka karanta sanarwa. Ba siyasar al'amarin ce ta kawo ni ba. Lissafi kawai nake so mu yi: ranakun makaranta biyar ne a mako, in an cire ɗaya an cire kashi ɗaya cikin biyar na karatun yaro. Ga kuma gidaje da yawa da kuɗin makarantar renon yara ya fi ƙarfinsu, 'yan shekara uku zuwa biyar suna gida kullum, ko da zaman gida ko babu. Saboda haka koyar da yara a gida, wanda a dā muke jin labarinsa kamar al'adar mutanen Amurka, ya shigo ɗakin haya na talaka ba sallama.

Mazauna unguwar Coal Camp a Inugu suna zaune a kan tarihin da ya kamata ya sa su yi tunani game da agogo. An gano kwal a tuddan Udi a 1909, aka soma haƙarsa a 1915, aka kuma shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Fatakwal domin a fitar da shi ta teku. Sunan unguwar ma daga nan ya fito, watau sansanin leburorin kwal. Mutanen da aka kwaso daga ƙauyuka, waɗanda rana da damina ke gaya musu lokacin aiki, sai suka tarar da wani sabon maigida mai ƙirga awa, mai auna mutum da yawan abin da ya haƙo kafin a tashi. Sa'ad da rikicin albashi ya yi tsanani a 1949, makamin da leburorin suka ɗauka shi ne jan ƙafa wajen aiki, ranar 18 ga Nuwamba kuwa 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mutum 21 daga cikinsu a mahaƙar Iva. Ban kawo wannan domin in zagi agogo ba, gama ba jirgin ƙasa ko asibiti ko barikin soja da zai tsaya ba tare da shi ba. Abin lura shi ne an ƙirƙiro irin wannan ƙirga ne domin a fitar da kaya daga hannun manya majiya ƙarfi. Ɗan shekara huɗu ba kwal yake haƙa ba.

Duk da haka, abin da uwa mai himma takan fara yi idan karatu ya dawo hannunta shi ne ta kwaikwayi jadawalin makaranta. Ta ja layuka a takarda, ta manna a bango: ƙarfe takwas lissafi, tara saura kwata Turanci, tara da rabi rubutu. Kafin ƙarfe tara jariri ya yi kuka, mai tankar ruwa ya iso ƙofar gida dole a fita da jarkoki, gama kowa ya san wahalar ruwa a Inugu, gawayi ya ƙi kamawa, maƙwabciya ta leƙo aron turmi. Kafin hantsi ya dubi ludayi jadawali ya rushe, uwa ta cika da fushi, yaro ya sha duka a kan harafin da bai isa ganewa ba. Bayan kwana uku a cire takardar, a miƙa masa wayar hannu ya yi shiru. Daga tsananin da ba ya ɗorewa a faɗa cikin sakaci, daga nan kuma sai jin laifi ya biyo baya, uwa ta riƙa cewa ita ba ta iya komai ba. Alhali ba ita ce ta kāsa ba. Jadawalin makaranta an yi shi ne domin malami ɗaya ya iya juya yara arba'in ko hamsin, a gini mai ƙararrawa, inda babu tukunya a kan murhu.

A cikin Farawa sura 33 akwai wata 'yar magana da ba safai ake wa'azi a kanta ba. Bayan Yakubu da Isuwa sun sulhunta, Isuwa ya nemi su kama hanya tare. Isuwa yana tafe da maza ɗari huɗu, Yakubu kuwa da mata da yara da garke masu shayarwa. Yakubu ya ƙi, ya nuna wa wansa cewa yaran ba su yi ƙwari ba, dabbobin kuma in aka matsa musu ko da na yini ɗaya ne za su mutu, don haka shi zai biyo a hankali gwargwadon ƙarfin ƙafarsu. Masu nazari sukan lura cewa daga baya Sukkot ya nufa, bai bi wansa zuwa Seyir ba, har wasu suna zargin dabara ce irin tasa ta dā. Ko da dabara ce, hujjar da ya kawo gaskiya ce wadda kowane makiyayi ya sani, shi ya sa Isuwa bai yi gardama ba. Ayarin da ke da yara, mafi ƙanƙanta a cikinsa ne ke yanke saurin tafiya. Amma mu lura, ayarin yana tafiya, ya kuma san inda ya dosa. Yakubu bai ce a zauna a ƙarƙashin itace yara su yi abin da suka ga dama ba.

Kubawar Shari'a sura 6 ta ƙara mana haske. A nan aka ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu maganar Allah, aka kuma ambaci lokatai huɗu: zaman gida, tafiyar hanya, kwanciya, da tashi daga barci. Ko ɗaya daga cikinsu ba a duba agogo kafin a san ya yi. Abubuwa ne da ke zagayowa kowace rana, ɗaya na bin ɗaya, ko a fadar sarki ko a ɗaki ɗaya na gidan haya. A ganina amsar tambayarmu ke nan. Abin da yaro ƙarami ke bukata shi ne ya san abin da ke biye da abin da yake ciki yanzu. Ƙarfe takwas ba ta da ma'ana a wurinsa, amma "bayan mun sha koko sai mu ɗauko allo" magana ce da yake ganewa sarai, har ma shi zai tuna wa uwarsa in ta manta. Idan mai ruwa ya katse safiya, jeren bai lalace ba, an dai jinkirta shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu da muka tashi da harshen Hausa ba baƙi ba ne ga wannan. Sunayen da muke kiran sassan yini, asuba da hantsi da azahar da la'asar da almuru, duk inuwa da haske ne ke nuna su. Maƙwabtanmu Musulmi a unguwannin Hausawa na waɗannan birane sun daɗe suna rataye karatun 'ya'yansu a jikin lokatan salla, da safe da yamma, da hutun Alhamis da Juma'a, yaro kuwa ya san lokacin allo ba tare da an nuna masa agogo ba. Kakanninmu na bangaskiya su ma haka yawancinsu suka koyi karatu, a ƙofar gidan mai bishara bayan an dawo gona, a gaban fitila, har suka iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Ya kamata mu ji kunya in wanda ba shi da ko agogon hannu ya fi mu tsara yininsa.

Sau da yawa idan aka yi zancen uwa mai koyar da 'ya'yanta a gida, sunan Susanna Wesley ake fara kawowa, mahaifiyar John da Charles Wesley, wadda ta rayu a Ingila daga 1669 zuwa 1742. Ta haifi 'ya'ya 19, tara daga ciki suka rasu tun suna jarirai, sauran kuwa ita ta koyar da su a gidansu na Epworth. A wasiƙar da ta rubuta wa John a 1732 ta bayyana tsarinta: karatu awa shida a yini, uku da safe uku da yamma, ba ta kuwa fara koya wa yaro haruffa sai ya cika shekara biyar. Masu kafa hujja da ita sukan riƙe awa shidan su manta da shekara biyar ɗin. Akwai abin da ban yarda da ita a kansa ba, wato koya wa ɗan shekara ɗaya tsoron bulala domin ya rage ƙarar kukansa. Wannan na zamaninta ne, a bar shi a can. Amma abu biyu nata sun isa koyi. Na fari, takan keɓe wa kowane yaro ɗan lokaci shi kaɗai da ita sau ɗaya a mako, na John kuwa daren Alhamis ne, har ya girma bai manta da shi ba. Na biyun zan dawo kansa.

Bayanta da shekaru da yawa wata malama a Ingila, Charlotte Mason, wadda ta rasu a 1923, ta nace cewa darasin ƙananan yara kada ya wuce kamar minti goma sha biyar zuwa ashirin, a sauya zuwa wani abu dabam tun hankalinsu bai gudu ba, a kuma bar musu yamma su yi ta wasa a waje. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara cewa ɗan shekara uku zuwa huɗu yana bukatar barcin awa 10 zuwa 13 a kwana ɗaya, da motsa jiki na aƙalla awa uku, kallon talabijin ko waya kuwa kada ya wuce awa ɗaya. Wanda ya haɗa waɗannan lissafi zai ga cewa Mahalicci ya riga ya cike mafi yawan yinin yaro da barci da guje-guje da ci, abin da ya rage wa karatun zaune kaɗan ne, kaɗan ɗin kuwa ya isa in ana yinsa kullum. Yau da gobe ita ke sa allura ta haƙa rijiya.

To, yaya yinin zai kasance a gida mai yara uku, a ce ɗan shida da 'yar huɗu da na goye? Ba zan ba da jadawali ba, tun da shi nake ƙorafi a kai. Sai dai a kafa turaku kaɗan waɗanda ba sa motsi. Turken fari addu'ar safe ce, gajeriya, da waƙa ɗaya da aya ɗaya da za a maimaita har mako ya ƙare. Sujadar iyali mai tsawon awa guda ba ta koya wa ɗan huɗu komai sai cewa Allah yana gajiyar da mutum. Sai wanka da shara da kalaci, kowa da ɗan aikinsa. Da hantsi, sa'ad da ciki ya ɗauka rana kuma ba ta yi zafi ba, a shimfiɗa tabarmar karatu. In zai yiwu tabarma ɗaya ce kullum, a wuri ɗaya, domin shimfiɗa ta ita ce ƙararrawar gidan. Babban ya yi karatu kaɗan, ya tashi ya kai kwano, ya dawo ya yi ƙirga da marafen kwalba ko ƙwayar wake, ƙaramar tana gefe da alli tana zane abin da ta ga dama. In na goye ya farka, karatu ya tsaya, ba wanda ya yi zunubi.

Sauran yinin kuwa ba fanko ba ne. Yaron da ya raka uwarsa kasuwar Ogbete ya ga yadda ake auna mudu, ya ƙirga canji, ya karanta sunayen shaguna, ya gaida dattijuwa da harshen Ibo, ya yi darasi huɗu a tafiya ɗaya, kuma tafiyar hanya na cikin lokatan nan huɗu da muka ambata. Bayan abincin rana a yi barci, ko aƙalla kwanciyar shiru, wannan kuwa saboda uwa ne kamar yadda yake saboda yara. Da la'asar a sake su su yi wasa da 'ya'yan maƙwabta. Da dare, ko an kawo wuta ko an ɗauke, a yi tatsuniya da labarin Yusufu ko na Dauda, da Hausa ko da yaren gida. A nan zan ɗan tsaya. Yaranmu na Gabas suna tasowa da Turanci da Ibo da Turancin kasuwa, wannan arziki ne. Amma in babu sa'a guda a yini da aka keɓe wa harshen iyayensu, ranar da aka kai su gida Kirsimati za su zauna a gaban kakarsu kamar baƙi, ita da ta yi shekaru tana yi musu addu'a da sunayensu.

Yanzu ga abu na biyu na Susanna Wesley. Ta kafa doka a gidanta cewa ba za a koya wa 'ya mace ɗinki ba sai ta iya karatu sosai tukuna. Wannan doka ta shafe mu ƙwarai, domin a gidajenmu, ranar da babu makaranta, sanannen abu ne wa ake ɗora wa wanke-wanke da goyo da ɗiban ruwa. Babbar 'ya, ko da shekararta bakwai, ita ke zama uwa ta biyu, ƙanenta namiji yana kan tabarma da littafi. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar a zalunce ta; tsarin yini ne ya yi zaluncin a hankali, ba tare da kowa ya lura ba. Shi ya sa na ce wannan magana ta adalci ce. Wanda yake so ya san ko gidansa yana nuna bambanci, ya ƙirga sau nawa aka tashe ta daga karatu yau, sau nawa kuma aka tashi ɗan'uwanta.

Uba fa? Umarnin Kubawar Shari'a bai ware shi ba, wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa sura 6 ma ubanni ta kira da suna a kan zancen goyon 'ya'ya. Na san akwai mai gadin da ke dawowa da asuba idanunsa sun yi ja, da sojan da ba shi da iko da lokacinsa, da mai keke da in bai fita ba tukunya ba za ta hau wuta ba. Ba a neman awa uku a wurinsu. Amma uban da yake da lokacin zaman majalisa a bakin titi yana sauraron ƙwallon Ingila, ba shi kuwa da minti goma na jin karatun ɗansa, ya riga ya koya wa yaron darasi ba tare da ya buɗe baki ba, darasin kuwa zai zauna. Turke ɗaya a yini ya zama na uba, wanda kowa a gidan ya san nasa ne, ko da addu'ar kwanciya ce kawai.

Akwai mai cewa, in haka ne ai gara mu cire yara daga makaranta gaba ɗaya mu riƙe su a gida. Ban goyi bayan wannan ba, sai inda larura ta tilasta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro a Nijeriya karatun shekara tara, ta kuma ɗora wa iyaye alhakin ganin ya samu, har da tara ko ɗauri ga wanda ya yi ta ƙi. Ban da doka ma, yaron da iyayensa baƙi ne a gari yana bukatar abokan aji daga 'yan ƙasa fiye da kowa, gama zaman lafiyar gobe a benci ɗaya ake fara ta. Abin da nake nufi shi ne shekarun kafin firamare, da ranakun da makaranta ta rufe, da dogon hutu, da sa'o'in bayan an taso. In aka tara su, sun fi waɗanda yaro ke yi a aji nesa ba kusa ba.

Wani kuma zai ce duk wannan tsari takura ce, a bar yara su sha iska. Ubangijinmu ya riga ya raba irin wannan gardama a Markus sura 2 sa'ad da ya nuna wa Farisiyawa cewa ranar hutu saboda mutum aka kafa ta. Bai soke ranar ba, ya dai mayar da ita matsayinta na baiwa mai hidima. Haka tsarin gida. Ranar da yaro ke zazzaɓi, ko aka yi rasuwa, ko aka kwana ana jin harbi a unguwa, a naɗe tabarmar karatu a rungume shi. Amma ko a irin wannan rana, a yi ƙoƙari kada addu'ar safe da labarin dare su faɗi, domin yaron da duniyarsa ta girgiza yakan sami natsuwa idan ya ga abin da aka saba yi jiya an sake yinsa yau.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, uwa ɗaya kuma ba ta iya zama malama da mai dafuwa da 'yar kasuwa kwana bakwai a mako. A nan zumuntar mata da dattawan ekklesiya suke da aiki. Gidaje uku ko huɗu da ke kusa da juna suna iya yin karɓa-karɓa: yau yara su taru a wurin wannan, gobe a wurin waccan, mai iya lissafi ta ɗauki lissafi, mai murya ta ɗauki waƙa, kowace uwa ta sami safiya biyu ko uku na zuwa kasuwa da kwanciyar hankali. Malaman makarantar Lahadi su riƙa ba iyaye ayar mako a rubuce domin ta zama ta addu'ar safe. A ranar da fita ke da haɗari kada a tura yaro ko da tsallaken titi ne, a tsaya ga waɗanda ke cikin gidan haya ɗaya. In kuwa ɗan maƙwabciya, Ibo ne ko Musulmi, ya tsaya a bakin ƙofa yana leƙen abin da ake yi, a tambayi uwarsa, in ta yarda a matsa masa wuri a kan tabarma a ba shi alli.